Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biyan Bashi? Fashin Baƙi kan Ci Gaban Al'umma da Kare Muhalli

A garin Moynak da ke ƙasar Uzbekistan akwai jiragen kamun kifi jere a kan rairayi, duk sun yi tsatsa, ruwa kuma ya yi musu nisan fiye da kilomita 100. Garin nan a da tashar jiragen ruwa ne a bakin tafkin Aral, wanda kafin shekarun 1960 shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Sai hukumomin Tarayyar Sobiyat suka karkatar da koguna biyun da ke shayar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Auduga ta yi albarka, aka samu aikin yi, Uzbekistan ta shiga sahun manyan masu fitar da ita a duniya. Tafkin kuwa ya yi ta ja da baya, gishirinsa na ƙaruwa, har kifi ya mutu, sana'ar su ta rushe a shekarun 1980. Inda ruwa yake a da ya zama hamada, iska na kwaso ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari tana watsa wa garuruwan da ke kewaye, cututtukan numfashi suka yi yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba a ɓoye yake ga masu tsara aikin ba cewa tafkin zai ragu. Sun yi lissafi, sun ga auduga ta fi kifi kawo kuɗi, suka zaɓa. Masuntan Moynak ne dai ba a tambaya ba, kuma huhun 'ya'yansu bai shiga cikin lissafin ba. Duk wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa ci gaban al'umma da kare muhalli suke yawan karo da juna, daga nan ya kamata ya fara: wanda ya yanke shawara daban, wanda ya ci riba daban, wanda ya biya kuma daban.

Muhawarar ta daɗe. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro na farko kan muhalli a birnin Stockholm, ƙasashe matalauta suka je da shakku a ransu. A ganinsu, waɗanda suka sare dazuzzukansu, suka ƙona kwal har suka yi arziki, su ne yanzu suke so su ce wa na baya ya dakata. Firaministar Indiya ta lokacin, Indira Gandhi, ta tambayi mahalarta ko akwai abin da ya kai talauci da rashi gurɓata muhalli. Shekara 15 bayan haka, a 1987, kwamitin da Gro Harlem Brundtland ta Norway ta jagoranta ya fito da ma'anar da har yau ake amfani da ita: ci gaba mai ɗorewa shi ne wanda zai biya buƙatun mutanen yau ba tare da ya hana na gobe biyan nasu ba. Taron muhalli na birnin Riyo a Brazil a 1992 ya ƙara da cewa nauyin na kowa ne amma ba daidai yake ba, a 2015 kuma aka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da ake fatan cimmawa zuwa 2030. A takarda an sasanta. A ƙasa, inda manomi yake buƙatar sabon fili, mai girki take buƙatar itace, gwamnati kuma take neman kuɗin shiga, rigimar tana nan.

Wani ɓangare na wahalar daga lokaci yake. Ribar sare daji ko haƙar ma'adinai nan take ake ganin ta, cikin wa'adin mulkin wanda ya sa hannu a kwangilar. Asarar kuwa a hankali take zuwa: ƙasa ta zaizaye, rijiya ta ƙafe, ambaliya ta ƙaru, kuma sau da yawa sai bayan shekara 20 ko 30. Yadda ake auna tattalin arzikin ƙasa ma yana taimaka wa wannan makanta. Idan aka sare daji aka sayar da katako, kuɗin ya shiga lissafin abin da ƙasa ta samar a shekarar, amma babu wani shafi da aka rubuta cewa dajin ya tafi. Kamar ɗan kasuwa ne da ke cin uwar kuɗinsa yana murna wai riba ce. Ba zai gane ba sai ranar da ya je saro kaya ya tarar aljihu wayam.

Akwai kuma abin da idan ya tafi ba ya dawowa da wuri, ko ma ba ya dawowa sam. An daɗe ana cewa a bari ƙasa ta yi arziki tukuna, daga baya ta share abin da ta ɓata. A wasu abubuwa hakan ya faru. Hayaƙin da ya turnuƙe Landan a 1952 ya kashe dubban mutane, aka yi dokar tsabtace iska a 1956, iskar birnin ta gyaru. Amma hayaƙi daban, halitta mai rai daban. A gabar gabashin Kanada an yi ɗaruruwan shekaru ana kamun kifin kod, sai manyan jirage na zamani suka shigo suna kwashe shi fiye da yadda yake hayayyafa. A 1992 gwamnati ta hana kamun, kimanin mutum 30,000 suka rasa abin yi a lokaci guda. An ce hanin na shekara biyu ne, ya kai fiye da shekara 30, kuma har yau kifin bai koma yawansa na da ba. Shekaru kafin rushewar, ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kukan cewa kifi na raguwa yana kuma ƙanƙancewa, ba a saurare su ba. An ƙi rage kamun ne don kada a rasa ayyuka, aka wayi gari an rasa su gaba ɗaya.

Duk wannan zai iya sa mutum ya ce to a ɗaure wa muhalli gindi kawai, a killace daji, a kafa doka mai tsanani. Nan ma tarihi yana da abin faɗa, kuma ba mai daɗi ba. Salon gandun dajin da aka fara da Yellowstone a Amurka a 1872, wato fili ba mutane, ya zo ne tare da fitar da 'yan asalin wurin, kuma shi aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. An fitar da makiyayan ƙabilar Masai daga gandun dajin Serengeti da ke Tanzaniya ta yau a 1959. A 1991 aka raba 'yan ƙabilar Batwa da dazuzzukan Bwindi da Mgahinga a Uganda don kare goggon biri, mutanen da ba su san wata rayuwa ba sai ta daji, akasarinsu ba tare da an ba su wata ƙasa a madadi ba. A Kenya, 'yan ƙabilar Ogiek sun kai ƙara kan korar su daga dajin Mau, a 2017 Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Arusha ta ba su gaskiya. Kotun ta lura cewa ba su ne ummul-haba'isin lalacewar dajin ba. Yankan filaye da gwamnati ta yi ta raba wa wasu da lasisin sare katako su ne suka fi yi masa illa. Zalunci ne a kori wanda ya zauna da daji shekaru aru-aru bai cinye shi ba, a bar wanda ya zo da zarto da takardar izini. Kuma ko ta fuskar dajin kansa ba dabara ba ce, domin wanda aka raba da gadonsa ba zai ga mafarauci ya kai rahoto ba.

Ko ba kora ba, dokar muhalli da aka saukar wa mutane daga sama ba shiri tana iya zama masifa. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce ƙasar za ta koma noma da takin gargajiya zalla. Akwai ƙarancin dala a bayan shawarar, amma da sunan lafiya da muhalli aka tallata ta. Manoma ba su da isasshen takin da zai maye gurbi, ba a kuma koya musu komai ba. Noman shinkafa da na ganyen shayi suka faɗi, ƙasar da take ciyar da kanta da shinkafa ta koma sayowa daga waje. Kafin shekarar ta ƙare an janye dokar, amma ɓarnar ta riga ta auku, ta kuma ƙara wa wutar matsin tattalin arziki fetur har shugaban ƙasa ya tsere a Yulin 2022. Rage dogaro da takin zamani manufa ce mai kyau. Sai dai abin da ya kamata a ɗauki shekaru ana yi tare da manoma, aka ce a yi shi a damina guda.

To ina mafita? A 1968 wani masanin halittu, Garrett Hardin, ya yi wani rubutu da ya yi tasiri ƙwarai, inda ya ce duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa, kamar makiyaya, ƙarshensa lalacewa, domin kowa zai ƙara dabba ɗaya don ribar kansa, asarar kuma a raba wa kowa. Maganin da aka fahimta daga maganarsa biyu ne: ko gwamnati ta karɓe, ko a yanka a mallaka wa ɗaiɗaikun mutane. Elinor Ostrom, wadda ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ba ta tsaya gardama a kan allo ba. Ta bi diddigin al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tarayya a kan daji da ruwa da makiyaya ba su lalata ba, ta tambaya me suke yi.

Ɗaya daga cikin misalanta ƙauyen Torbel ne a tsaunukan Suwizalan. Makiyayar kan dutse ta ƙauyen ce gaba ɗaya, kuma tun 1517 suke da ƙa'ida a rubuce: ba wanda zai hau da shanu makiyaya da bazara fiye da adadin da zai iya ciyarwa daga rumbunsa lokacin hunturu. A duba hikimar da ke ciki. Ba sai an ɗauko masani ya auna ciyawa ba, kowa ya san girman gonar maƙwabcinsa, ya san shanu nawa zai iya riƙewa, don haka ƙarya ba ta da wurin ɓuya. Akwai wanda aka naɗa yana cin tarar wanda ya ƙetare iyaka, kuma mutanen ƙauyen ne da kansu suke zama su gyara ƙa'idar idan hali ya canza. A Balansiya ta Sifaniya kuma, kotun manoman rani tana zama duk ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babban cocin birnin, alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, a saurari ƙarar satar ruwa da baki, a yanke hukunci nan take. Abin da Ostrom ta gani yana maimaituwa shi ne: an san iyakar abin da ake tarayya a kai, an san su wa ke da haƙƙi, masu amfani da shi suna da baki a ƙa'idar, mai sa ido daga cikinsu yake ko a ƙarƙashinsu, hukunci yana farawa da sauƙi ya yi ta ƙaruwa, sasanta rikici ba ya cin kuɗi, hukuma ta sama kuma ta amince da ikonsu ba ta zo ta rushe shi ba.

Nepal ta gwada hanyoyin biyu, shi ya sa labarinta yake da nauyi. A 1957 gwamnati ta mayar da dazuzzuka mallakarta da niyyar kare su. Mutanen ƙauyuka suka ga abin da suke tsaro ya zama na hukuma, ma'aikatan gandun daji kuma ba su da yawan da za su tsare tsaunukan ƙasar, sai sara ya ƙaru. Dokar daji ta 1993 ta juya akalar: aka ba ƙungiyoyin mazauna ƙauye ikon kula da dajin da ke kusa da su, su tsara lokacin yankan ciyawa da ɗiban itace, su sayar da katako bisa tsari, kuɗin ya zauna a asusunsu su yi makaranta ko hanya ko famfo. Yau irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 22,000. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna daji ya tashi daga kimanin kashi 26 cikin 100 na ƙasar a 1992 zuwa kimanin kashi 45 a 2016. Ba dokar kaɗai ta yi aikin ba. Matasa da yawa sun tafi ci-rani ƙasashen waje, an bar wasu gonakin kan tudu sun koma daji. Kuma a cikin ƙungiyoyin kansu, masu hali da manyan gari kan mamaye kwamiti, ƙa'idar hana ɗiban itace ta fi cizon matalauciyar da ba ta da bishiya a gonarta. Kalmar "al'umma" tana iya rufe rashin adalci mai yawa, domin a ƙauye ɗaya akwai mai gona da ɗan ƙodago, akwai namiji da mace, akwai manomi da makiyayi, kuma ba buƙatarsu ɗaya ba. Duk da haka, tsakanin dokar 1957 da ta 1993 an ga wadda ta fi.

Haƙƙi kaɗai ba ya cika ciki. Idan barin bishiya a tsaye yana amfanar mutanen birni da ruwan sha, yana amfanar duniya da iska, to bai kamata mai filin ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Kosta Rika ta gane haka. Kiwon shanu ya cinye dajinta har ya rage bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ba a shekarun 1980. Dokar 1996 ta hana mayar da daji gona, ta kuma kafa tsarin biyan masu filaye kuɗi duk shekara don su bar dajinsu, kuɗin kuma akasari daga harajin man fetur yake fitowa. Yau daji ya rufe fiye da rabin ƙasar, yawon buɗe ido na ganin namun daji kuma ya zama babbar hanyar samun kuɗinta.

Inda masu ɓarnar manya ne, masu kuɗi da bindiga, ƙa'idar ƙauye ba ta isa ba, sai hukuma ta tsaya da ƙafarta. A 2004 an sare kimanin murabba'in kilomita 27,000 na dajin Amazon a Brazil. Gwamnati ta fara sa ido da tauraron ɗan'adam, tana tura jami'ai inda aka ga sara, ta hana masu laifi rancen banki, ta amince da iyakokin ƙasashen 'yan asalin dajin, manyan 'yan kasuwa kuma suka daina sayen waken suya daga sabon filin da aka sare. Zuwa 2012 saran ya sauko ƙasa da 5,000, kuma noman ƙasar bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Da aka sassauta, ya sake haurawa sama da 13,000 a 2021.

Tsakanin ƙasa da ƙasa ma tambayar ita ce wa zai biya. Nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma tana cikin waɗanda fari da ambaliya suka fi yi wa illa. A 2007 shugaban Ekwado, Rafael Correa, ya yi wa duniya tayi: akwai ɗanyen mai a ƙarƙashin dajin Yasuni, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan nau'in halittu, za su bar shi a ƙasa idan aka ba su dala biliyan 3.6, wato kusan rabin abin da za su samu. Bayan shekara shida abin da ya shiga hannu bai wuce dala miliyan 13 ba, aka janye tayin, aka fara haƙa. Masu wa'azin kare daji sun samu dama su sa hannu a aljihu, suka noƙe. Sai a 2023, a ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 59 cikin 100 na masu zaɓen Ekwado suka ce a dakatar da haƙar a wannan yanki, duk da sun san kuɗin asibiti da makarantunsu ne zai ragu. Ina ganin wannan ya isa amsa ga masu cewa talaka bai damu da muhalli ba.

Kada kuma a yaudari kai cewa kullum akwai hanyar da kowa zai ci riba. Mutum fiye da biliyan 2 har yau da itace ko gawayi ko kashin dabbobi suke girki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara, mata da yara su ne suka fi shaƙar sa. Abin da ya fi saurin fitar da su daga wannan hali a yau shi ne tukunyar gas, gas kuwa ɗan'uwan fetur ne. Wanda ya ce kada a tallafa wa gas ɗin girki saboda sauyin yanayi, alhali shi da gas ko lantarki yake dafa nasa abincin, bai yi adalci ba, kuma ɗan abin da gas ɗin zai ƙara wa ɗumamar duniya bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da rayuka da bishiyoyin da zai ceta. Ta ɗaya gefen, makamashi mai tsabta ma yana da nasa bashin. Kuɗin samar da wuta daga hasken rana ya faɗi da kimanin kashi 85 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, wannan alheri ne babba ga ƙauyukan da layin wuta bai kai ba. Amma kusan kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt da ke shiga batura daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, wani ɓangarensa daga ramukan da ake haƙa da hannu, har da yara a ciki. Madatsun ruwa suna ba da wuta ba hayaƙi, amma kwamitin duniya da ya yi nazari a kansu ya ƙiyasta a 2000 cewa sun raba mutum miliyan 40 zuwa 80 da gidajensu, da yawa kuma ba su samu diyyar da aka yi musu alkawari ba.

A irin waɗannan wurare dole wani ya yi asara, abin da ya rage shi ne a san ko wane ne, a gaya masa tun kafin a fara, a biya shi abin da zai sake kafa rayuwa da shi. Don haka aka ƙirƙiro rahoton tantance illar aiki ga muhalli, wanda Amurka ta fara wajabtawa a 1970, yawancin ƙasashe kuma suka bi. Matsalarsa sananniya ce: mai aikin ne ke ɗaukar wanda zai rubuta rahoton ya kuma biya shi, ana fitar da shi cikin harshen da mazauna wurin ba sa ji, taron jin ra'ayi kuma a yi shi bayan motocin haƙa sun riga sun iso. Gyaran ba ya buƙatar sabuwar fasaha. A sa wanda ba ya cin albashin kamfani ya duba rahoton, a karanta wa mutane shi da harshensu, a saurari mata da matasa da marasa gona ba shugabanni kaɗai ba, a ajiye kuɗin gyaran wuri a asusu tun ranar farko don kada kamfani ya kwashe ya gudu ya bar rami, sannan "a'a" ta zama amsar da za a iya bayarwa kuma a karɓa.

Gwaji na gaba ya riga ya ƙarato. A Disambar 2022, a taron Montreal, kusan duk ƙasashen duniya sun amince su killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku zuwa 2030. A lokacin abin da aka killace bai wuce kimanin kashi 17 na ƙasa da kashi 8 na teku ba. Filin da za a ƙara ba kango ba ne, akasarinsa akwai masu noma da kiwo da su da farauta a cikinsa, da yawansu kuma ba su da takardar mallaka ko guda. Yarjejeniyar ta ambaci mutunta haƙƙinsu, amma kowace ƙasa ce za ta zana taswirarta, kuma ita za ta yanke ko za a fara ba su takardar ƙasarsu kafin a ja layin.